Hoto ya fito, murya ta ƙi: Abin da ya kamata ka sani kafin ka jona laftof da majigi ko lasifika

Duk wanda ke halartar taruka a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa a 'yan shekarun nan ya san wannan yanayin. An jera kujeru, manyan baƙi sun zauna, sai ka hango samari uku sun duƙa a kan laftof guda, wannan ya zare waya, wancan ya mayar. Majigi na haska shuɗin allo a bango, babu komai a kai. Ko hoton ya fito, amma lasifika ta yi gum. Ko ta yi magana, sai dai da wani ƙugi a ƙarƙashi kamar injin markaɗe. Mai gabatarwa ya ce "a yi mana afuwa, matsalar na'ura ce" har sau uku, dattawa sun fara duba agogo.

Galibi hukuncin da ake yankewa shi ne "laftof ɗin ce ba ta da kyau." A mafi yawan lokuta kuwa lafiyarta ƙalau. Abin da ya hana aiki waya ce guda da ba ta dace da bakin ba, ko wani maɓalli da ba a danna ba, ko wutar da aka jona kayan a kai. Illar rashin sanin ba ƙarama ba ce: taro ya lalace, a sayi kayan da ba za su yi amfani ba, wani lokacin ma bakin laftof ɗin ya ƙone. Ga wanda ke Riruwai ko Daɗin Kowa kuma, mantuwar ƙaramar adafta na nufin tafiyar sa'o'i, ya ratsa dajin Falgore, ya fito Kwanar Ɗangora, kafin ya kai kasuwar da zai samu a birni.

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan harka. Kalmar majigi kanta ta samo asali ne daga sunan wata tsohuwar fitilar haska hotuna ta Turawa da suke kira "magic lantern". A 1939 Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka, motoci kuma suka riƙa zagaya garuruwan Arewa suna haska fina-finan kiwon lafiya da noma a fili da daddare, wani na gefe da makirfo yana fassara wa jama'a da Hausa. Bayan samun 'yancin kai gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da amfani da su. Brian Larkin, wani masani ɗan jami'a a Amurka da ya yi bincike a Kano, ya yi dogon bayani a kan majigi a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Motar majigi abu uku take ɗauke da su: injin haska hoto, lasifika, da janareta. Hoto, murya, wuta. Yau laftof ta maye gurbin faifan fim, amma waɗannan ukun suna nan daram. Da gidan kallon ƙwallo, da masallacin da ake watsa tafsiri a Facebook, da makarantar da ke bikin yaye ɗalibai, da mai kiɗan biki, duk a kansu suke tsaye. In ɗaya ya gurgunce, sauran biyun ba su da amfani.

Fara da sanin bakunan da ke jikin laftof ɗinka

Juya laftof ɗinka ka duba gefenta. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su.

VGA shi ne bakin nan mai faɗi, mai ƙananan ramuka 15, sau da yawa shuɗi. Kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987, kuma har yau tsofaffin majigai na makarantu da ofisoshi da shi suke aiki. Hoto kawai yake ɗauka. Ko ka kwana kana dannawa, murya ba za ta bi ta wayar VGA ba. Dole ka ja wata wayar daban daga bakin iyafis zuwa lasifika.

HDMI ya zo ne a farkon shekarun 2000, kuma yana ɗaukar hoto da murya tare a waya ɗaya. Shi ne a jikin kusan duk talabijin na bango da dikoda.

DisplayPort shi ne mai ruɗar mutane. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ake kawowa Kano, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko tokumbo, na ofisoshin Turai ne. HP EliteBook 840 na farko-farko, alal misali, DisplayPort da VGA gare su, babu HDMI. Lenovo ThinkPad T440 da T450 kuwa ƙaramin DisplayPort gare su. Bakin yana kama da HDMI, amma in ka lura kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, HDMI kuwa kusurwa biyu. Kada ka tura wayar HDMI da ƙarfi a ciki, za ka karya haƙoran. Adafta ake saya daga DisplayPort zuwa HDMI.

USB-C shi ne ɗan ƙaramin nan irin na cajar wayoyin yanzu, wanda ya fito a 2014. A nan ma akwai tarko, domin ba kowane USB-C ke fitar da hoto ba. Wani na caji ne da tura fayil kawai. In ka ga alamar walƙiya ko harafin D a gefensa, alama ce ta cewa yana fitarwa. In babu alama, rubuta sunan laftof ɗin da lambarta a Google ka duba kafin ka kashe kuɗi.

Sai batun kwanbata. Kwanbata hanya ɗaya take bi. Wadda ke ɗaukar HDMI ta mayar VGA ba za ta yi akasin haka ba, ko da kuwa kawunan sun shiga. In laftof ɗinka ce mai HDMI, majigin makarantarku mai VGA, ka ce wa mai shago "HDMI zuwa VGA", kuma ka nemi mai ɗan ramin murya a gefe. In laftof ɗin ce mai VGA, talabijin mai HDMI, wata ce daban, mai wayar murya da wayar USB da ke ba ta wuta.

Tsawon waya ma yana da iyaka. Wayar HDMI ta yau da kullum in ta wuce mita 10 zuwa 15, musamman mai araha, hoto kan fara ɗaukewa yana dawowa. In filin yana da girma, akwai ƙananan akwatuna biyu da ake sa wa a kowane ƙarshe, a haɗa su da wayar intanet ta Cat6, su kai hoto mita 50 ko fiye.

Maɓallai biyu da ke ceton taro

Ka jona komai daidai amma bango shuɗi? Abu biyu za ka duba. Na farko, ɗauki rimot ɗin majigin ko talabijin ka danna Source ko Input, ka zaɓi bakin da ka sa wayar. In a HDMI 2 ka sa, shi kuma yana jiran HDMI 1, har gobe ba zai nuna ba.

Na biyu, a kan laftof ka danna maɓallin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito. Duplicate na nuna abin da ke allonka sak a bango. Extend na mayar da bangon allo na biyu, ka ja abin da kake so jama'a su gani zuwa can, sauran ya tsaya a gabanka. Shawara kyauta: a taro ka fi son Extend, ko ka rufe WhatsApp ɗin kwamfuta gaba ɗaya. Ba daɗi saƙon "kin ci abinci?" ya faɗo a bango gaban hakimi da limamai.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa da zarar ka sa HDMI: Windows kan kwashe murya ta tura wa majigin. Majigi kuwa ko dai ba shi da sifika, ko tasa ƙarama ce kamar ta rediyon aljihu. Sai a yi ta murɗa amfilifaya a banza. Danna alamar lasifika a ƙasan allo ta dama, ka mayar da muryar zuwa sifikar laftof ko bakin iyafis, shi ke nan.

Murya ta fi hoto wahala, ta kuma fi shi muhimmanci

Mutum zai jure kallon wa'azi ko lacca da hoto dishi-dishi in yana jin magana tar. Amma in murya na tsatsa, ko hoton ya kai na Kannywood kyau, cikin daƙiƙa kaɗan zai wuce zuwa bidiyo na gaba. Saboda haka a nan ya kamata a fi kashe lokaci.

Fitar da murya daga laftof zuwa miksa ko amfilifaya abu ne mai sauƙi. Waya ce mai ƙaramin kai irin na iyafis a gefe ɗaya, da kawuna biyu a ɗaya gefen, ko dai ja da fari, ko manyan jak. A sa su a bakin da aka rubuta Line, Aux ko CD. Kada a sa a bakin makirfo mai ramuka uku. Dalili kuwa, miksa da yawa na da wani maɓalli mai rubutun 48V, wanda ke tura wuta ta wannan bakin domin wasu makirfo na situdiyo. In yana kunne ka jona laftof kai tsaye, wutar na iya lalata sashen muryarta.

Shigar da murya cikin laftof, domin naɗa ko watsawa kai tsaye, shi ne mai sarƙaƙiya. Duba kan wayar makirfonka ka ƙirga zoben da ke jikin ƙarfen. Mai zobe biyu daban, mai zobe uku daban. Yawancin laftof na yanzu rami ɗaya gare su na iyafis da makirfo a haɗe, kuma mai zobe uku yake ganewa. In ka sa makirfo mai zobe biyu, sai ta ɗauka iyafis ne, ta ci gaba da ɗaukar murya da nata makirfon na ciki. Shi ya sa za ka ga malam da makirfo a wuyan riga, amma a Facebook ƙarar fanka da tarin mai riƙe da kwamfuta ake ji. Maganinsa 'yar waya mai raba rami gida biyu, ko ɗan ƙaramin sawun kad na USB.

Sannan abin da ke fitowa daga miksa ya ninka na makirfo ƙarfi nesa ba kusa ba. Na miksa kan kai kusan bolt ɗaya, na makirfo kuwa 'yan ɗigo ne cikin kashi dubu na bolt. In ka zuba na miksa a ramin makirfo, kamar ka buɗe famfon rijiyar burtsatse ne a kan kofin shayi. Murya ta fashe, ta riƙa tsagewa. Ko dai ka rage ƙarfin da ke fita daga miksar sosai, ko ka nemi akwatin murya na USB mai bakin Line. Wasu ƙananan miksa suna da USB da ke aika murya kai tsaye zuwa kwamfuta, amma a wasu USB ɗin na sa filash ne kawai a ji waƙa. Tambayi mai shago, kuma ka ce ya gwada a gabanka.

Ƙugin nan "hmmm" da ba ya tsayawa fa? Yawanci daga wuta yake. Wutar Nijeriya na juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in laftof da amfilifaya suna soket daban-daban, wannan juyin kan bi wayar murya ya shiga lasifika. Gwajin ba wuya: zare cajar laftof. In ƙugin ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Ka jona duk kayan a soket ɗaya, ko ka yi aikin da batir, ko ka sayi 'yar na'urar da ake sa wa a tsakiyar wayar murya domin yanke ƙugin. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi. Ita ce ke kare ka daga jan wuta.

Ƙarar "kiiii" mai huda kunne kuwa, makirfo ne ke jin lasifika, lasifika na maimaita abin da ya ji. Lasifika ta kasance a gaban mai magana tana fuskantar jama'a, ba a bayansa ba. Bluetooth kuma ka bar shi wa jin waƙa. Yana da jinkirin da kan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wanda ya isa a ga baki ya motsa kafin magana ta iso.

Kyamara da watsawa kai tsaye

Ga wani kuskure da ke cin kuɗin mutane: a sayi wayar HDMI, a jona kyamara da laftof, a zauna jiran hoto. Bakin HDMI na laftof fitarwa kawai yake yi, ba ya karɓa. Abin da ake buƙata shi ne kafca kad, ɗan ƙaramin abu mai HDMI a baya da USB a gaba. Shi ke sa kwamfuta ta ga kyamarar. In babu kyamara, wayarka ma ta isa, da manhaja irin DroidCam ko Iriun. Ka haɗa ta da wayar USB, ya fi Wi-Fi tabbas.

Manhajar da ake haɗa hoto da murya a watsa ita ce OBS Studio, kyauta ce, babu ko sisi. A cikinta akwai ma'aunin murya mai launin kore, ruwan ɗorawa da ja. In malam ya ɗaga murya, ma'aunin ya tsaya a ruwan ɗorawa. Ja na nufin ta fashe. Kafin a fara, wani ya tsaya gaban kyamara ya tafa sau ɗaya, ka naɗa ka kalla. In ƙarar tafin ta riga hannu, akwai wurin jinkirta murya a saitin OBS ɗin.

Yanzu lissafin data. In kana watsawa a kan megabit 3 a daƙiƙa, awa ɗaya na cin kusan gigabayit 1.35. Tafsirin awa biyu ya kama 2.7 ke nan, kwana 30 na azumi kuma 81. In ka sauko zuwa megabit 1.5, rabi ne. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, hoto matsakaici da ba ya yankewa ya fi mai kyau da ke tsayawa kowane minti. Ƙarfin tura data ne ya dame ka, ba na saukewa ba, don haka ka gwada shi a daidai wurin taron, a daidai lokacin, da layi fiye da ɗaya.

Ka riƙa danna naɗa a OBS duk lokacin da kake watsawa. Tun watan Fabrairun 2025 Facebook ke goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30. In a YouTube za ka yi a karon farko, sai an tantance lambar waya, kuma ana iya jiran awa 24 kafin a buɗe maka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuta, tsawa da ƙura

A Bebeji madatsar ruwan Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, har gwamnatin jiha ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a jikinta. Duk da haka, kowa a yankin ya san taro ba ya dogara da wutar Nepa. Janareta ne ko sola.

Ka yi lissafi kafin ka tayar da inji. Cajar laftof na cin wat 45 zuwa 90, a rubuce yake a jikinta. Majigi mai ƙwan fitila kan ci 250 zuwa 350. Amfilifaya babba ta fi su duka. Ƙaramin janaretan nan da ake ɗauka da hannu ɗaya ko wat 1,000 bai kai ba. In aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa, wuta ta riƙa hawa da sauka, kayan ne ke biyan bashin. Tayar da janareta, ka bari ya daidaita, sannan ka jona. Wajen kashewa, ka zare kaya tukuna. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. In da sola kake aiki, ka sani wasu inbata masu araha na sa lasifika ƙugi.

Majigi mai ƙwan fitila ba ya son a zare shi farat ɗaya. Kashe shi da maɓalli, ka jira fankarsa ta tsaya. Da hunturu kuma ƙura kan toshe ragar iskarsa, ya yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar wasa. Ciro ragar ka kakkaɓe lokaci-lokaci.

Masu gidajen kallo a Doguwa da Tudun Wada, inda damina ta fi ta sauran sassan Kano ƙarfi, ku kula da tsawa. Tartsatsinta na iya bin wayar dish ya shiga dikoda, daga nan ya bi HDMI ya ƙone bakin talabijin, majigi ko laftof. In hadari ya haɗu, kashe soket bai isa ba, a zare wayar dish da ta HDMI. Haka in kana jin ɗan jan wuta idan ka taɓa jikin laftof ko dikoda, kashe kayan kafin ka sa ko ka zare HDMI, sannan ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa.

In ka shiga birni sayayya

Ko Farm Centre ka nufa, ko Titin Beirut, ko Sabon Gari, tafi da laftof ɗinka. In ba hali, ɗauki hoton bakunanta da na bayan majigin da wayarka. A gwada komai a shago kafin ka biya. Ƙananan majigai masu araha da ake tallatawa da lambobin haske na ban mamaki, ka tambayi ANSI lumen nawa ne. Ɗakin da ke da haske yana son wajen 3,000. Araha ba ta ado.

Jakar mai wannan aiki ba ta rasa wayar HDMI biyu, kwanbata, wayar murya, sawun kad, doguwar soket mai ƙafa uku, batirin makirfo da salatif. Ka je wurin taro da awa biyu kafin lokaci, ka gwada komai tun kujeru na wofi.

Sana'a ce, kuma amana ce

Musabaƙa, walimar sauka, mauludi, taron manoman shinkafa a Tudun Wada, bikin makarantu, ɗaurin aure: duk suna neman wanda zai sa a ji, a gani. Sau da yawa daga birni ake ɗauko shi, a biya kuɗin aiki a biya na mota. Babu abin da ya hana matashin Kofa ko Yako ya zama shi ake kira. 'Yan mata ma ƙofa a buɗe take, har ta fi faɗi, domin tarukan mata zalla irin su kamu da walima sun fi sakewa da mace a bayan kyamara.

Sai dai wanda ke riƙe da kyamara da intanet yana riƙe da mutuncin mutane. Kada ka watsa biki kai tsaye sai masu bikin sun amince, kada ka yanko rawar wata ka ɗora a TikTok don neman mabiya. Bidiyo ɗaya ya isa ya kashe aure, ya kuma kashe maka kasuwa a garin da kowa ya san gidanku.

Yau da daddare, juya laftof ɗinka ka ƙirga bakunan da ke jikinta, ka kira kowane da sunansa. In akwai talabijin a gida, jona ka danna Windows da P. Daga nan ake farawa.